Kaset Ɗin Da Ba Ya Kwana A Waje

Ku matso kusa, 'yan'uwa mata, har da ku mazan da ke karantawa a ɓoye kuna cewa ba ruwanku da labarin soyayya. Yau zan faɗa muku yadda na tare hannun mahaifin saurayina na ce masa a'a, a gaban ubana, a gaban uwata, kuma har yanzu ban yi nadama ba.

Wanda bai san ni ba ya sani, ni 'yar mai gyaran rediyo ce. Shagon Baba a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana faɗawa tsakar gida. Tsakaninsu akwai ɗan lungu da aka tare da labule ruwan toka, a nan teburina yake, da fitilar aiki, da gwangwanayen madara cike da sukurori. Tun ina 'yar shekara tara nake miƙa wa Baba sukudireba, kafin in kai sha biyar na fi shi saurin ɗiga dalma, shi da kansa ya faɗa.

Shekara biyu da suka wuce yanar ido ta fara rufe masa gani. Hannunsa garau, kunnensa kuwa ya fi na kowa, amma ƙananan sukurori da siraran wayoyi dishi-dishi yake ganinsu. Sai muka ƙulla tsarinmu. Mutum ya kawo kaya, Baba ya karɓa, ya kara a kunne, ya girgiza kai, ya ce, "Ka dawo gobe." Mai kaya na juya baya, kayan su wuce bayan labule. Gobe ya dawo ya tarar da abinsa yana aiki, ya yi ta sa wa hannun Baba albarka. Ni kuwa ina ciki ina amsa amin a zuciyata.

Mutum ɗaya ne ya taɓa kama mu, shi ne Dogo. Malamin lissafi ne, tsayinsa har sai ya sunkuya kafin ya shigo shago. Ya kawo lasifikar makarantarsu aka ce ya dawo gobe, sai ya manta makullinsa a kan benci ya dawo bayan minti goma. Ya tarar da ni labule a yaye, gilashin ƙara girma a goshina, dalma na hayaƙi a hannuna. Ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Ashe Ka-dawo-gobe mace ce."

Na ce, "In ka gama kallo ka ɗauki makullinka, kana tare min haske."

Daga ranar nake amsa sunan Injiniya a bakinsa. Wata bakwai ke nan, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina son bawan Allahn nan. Ina son yadda yake zama a bencin shago yana tambayata sunan kowane ƙarfe, gobe ya manta ya sake tambaya.

Matsalar ɗaya ce, mahaifinsa. Tsohon direban manyan motoci ne, matarsa ta rasu tun Dogo yana ɗan shekara biyar, bai sake aure ba. Kuma ra'ayinsa a bayyane yake kowa ya sani: matar ɗansa ba za ta yi wata sana'a ba, gida ya ishe ta. Ni kuma in aka raba ni da teburin nan, an raba ni da rabin raina.

Ranar Alhamis da yamma ina goge hannu saƙonsa ya shigo.

"Injiniya, Baba zai zo gidanku ranar Asabar da hantsi. Ya ce rediyon motarsa zai kawo gyara, amma ni na san gida yake so ya gani."

Na rubuta, "Me ya sami rediyon?"

"Ya haɗiye kaset, kwana takwas ke nan. Tun daga ranar Baba ba ya cin abincin kirki. Don Allah alfarma ɗaya nake nema. Kada ya ga komai. Ki bari a ɗaura tukuna, sai mu lallaɓa shi a hankali."

Na daɗe ina kallon saƙon. Na rubuta, "Wato in ɓoye hannuwana?" Na goge. Na rubuta, "To." Na tura. Kada ku tambaye ni dalili, so ne, kun san halinsa.

Mama kuwa kamar jira take. Ranar Juma'a ta hana ni taɓa ko allura. Ta jiƙa min hannu a ruwan ɗumi, ta kankare baƙin da ke ƙasan farcena da tsinke, ta lafta min mai har sai da kofi ya riƙa suɓuce min. Da ta zo kan tabon ƙunar dalma a babban yatsana ta yi tsaki.

"Dubi hannun budurwa kamar na maƙeri. Gobe ki naɗe shi cikin mayafi. Ki gaishe shi, ki ajiye shayi, ki ɓace. In na ji kalmar waya ko batir ta fito daga bakinki, ni da ke ne."

"Mama, in ya tambaye ni aikin da nake yi fa?"

"Ki ce kina taya ni aikin gida. Ƙarya kika yi?"

Baba yana gefe yana jan carbinsa. Sai da Mama ta shiga ɗaki ya ce a hankali, "Uwata, kada ki damu. Zan karɓa in ce ya dawo gobe, kamar kullum."

Asabar ta yi. Na sa doguwar riga ruwan zuma mai dogon hannu, wadda aka jera wa ƙananan duwatsu a wuya, na yafa farin mayafi mai shara-shara. Na sa kwalli, na ɗan goga jan baki wanda ba ya ihu. Na dubi madubi na ce, yarinya, ko ba komai kin yi kyau. Mama ta share shago sau biyu, ta ja labulen lunguna ta soke shi da fil har uku.

Ƙarfe goma da 'yan mintuna wata tsohuwar mota fara ta tsaya a ƙofar shago, tas da ita kamar an lashe. Dogo ya fito ya buɗe wa mahaifinsa. Dattijo ne gajere, kakkaura, farin gemu a gyare, idanunsa irin na mutumin da ya saba hango hanya daga nesa. Ina leƙe ta jikin ƙofar tsakar gida, suka gaisa da Baba, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki, sannan aka zo kan rediyo.

Baba ya shiga motar da kansa. Nan dai ba a buƙatar ido. Ya sa Dogo ya cire kan batir, ya zura 'yan ƙarafa biyu a gefe da gefe, ya zaro rediyon sumul, ya cire wayoyin baya da laluben yatsa. Ya kawo shi kan babban tebur, ya kara a kunne, ya girgiza kai.

"Malam, sai dai ka dawo gobe."

Dattijo ya gyara zama a benci. "A'a, zan jira."

"Aikin na iya ɗaukar lokaci."

"Ko zai kai magariba ina nan. Rediyon ba komai ba ne, ka fasa shi ma in ka ga dama. Abin da ke ciki ne ba ya kwana a waje." Ya ƙara da cewa, "Muryar uwar yaron nan ce. Lokacin ina doguwar tafiya, ita ba ta rubutu, sai ta yi min magana a kaset in tafi da shi. Sauran duk zafin mota ya cinye su. Wannan kaɗai ya rage."

Dogo ya juyo ya kalli ubansa baki buɗe. Ashe shi ma bai taɓa sani ba, ya ɗauka wa'azi ko waƙa tsohon ke ji kullum da safe in ya kulle kansa a mota.

Na ga Baba ya haɗiye yawu, ya laluba ya ɗauki sukudireba. Mama ta mintsine ni ta danƙa min tire. "Je ki ajiye ki dawo."

Na shiga da sallama, na durƙusa na gaida Dattijo, kaina a ƙasa, hannuna a cikin mayafi kamar yadda aka umarta. Ya amsa da fara'a, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Na ajiye kofuna. Da a ce na tashi na fita a lokacin, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma idona ya ƙi.

Baba ya riga ya cire murfin sama. Daga inda nake durƙushe ina ganin cikin injin sarai. Zaren kaset ɗin ya fito daga gidansa ya nannaɗe siririn sandan ƙarfen da ke jan sa, ya yi wajen zagaye goma, wani kuma ya cusa ƙarƙashin 'yar tayar robar da ke danne shi. Baba ba ya ganin wannan. Yatsunsa sun gaya masa kaset ya maƙale, sai ya zura bakin sukudireba ƙarƙashinsa ya fara ɗagawa. Ina kallo zaren ya miƙe, ya yi tsirit, ya fara sheƙi. Ƙiris ya rage.

Na dubi Dogo. Ya gane, ya ɗan girgiza min kai, idonsa na roƙo. Na ji numfashin Mama a bayan ƙofa. Na tuna da "To" ɗin da na tura. Sannan na tuna cewa matar nan ba za ta sake yin wata magana ba har abada.

"Baba, tsaya! Kada ka ɗaga!"

Hannun Baba ya tsaya cak. Na miƙe, na zame mayafin na ɗaure shi a ƙugu, na naɗe hannun rigar nan mai duwatsu har gwiwar hannu.

"Zaren ya naɗe sanda, Baba. In ka ƙara ko kaɗan zai tsinke."

Baba ya zare sukudireban a hankali, ya juya shi, ya miƙo min ta wajen mariƙin. Ya tashi daga kujerarsa ya ba ni. A shekara biyu bai taɓa yin haka a gaban wani ba.

Dattijo ya ce, "Malam, yarinya za ka ba wa? Na ce maka shi kaɗai ne ya rage."

Baba ya ce, "Shi ya sa na ba ta. Idona ya tafi, Malam, yau shekara biyu. Duk abin da ya fita shagon nan yana aiki, hannunta ne. Ni kujera kawai nake ɗumamawa."

Na wanke man da Mama ta lafta min da sabulu har sau biyu, don hannu mai maiƙo ba ya taɓa zare. Na cizge fil ɗin labule, na ɗauko fitilata da gilashina da hantsaki. Ta wutsiyar ido na ga Dattijo ya bi lungun da kallo, ya ga teburin, ya ga komai. Na ce a raina, ta faru ta ƙare.

Na kifa injin a kan tsumma na buɗe ƙasansa. Kamar yadda na zata, bel ɗin robar da ke juya komai ya narke don tsufa, ya zama baƙin danƙo. Shi ya sa ɓangaren da ke naɗe zare ya daina juyawa, zaren ya rasa wurin zuwa ya bi sanda. Na sa ɗan yatsa a kan faifan ƙarfen da ke ƙasan sandan, na riƙa juya shi baya a hankali, ɗayan hannun yana karɓar zaren da hantsaki. Zagaye ɗaya. Zagaye biyu. Ba wanda ya taɓa shayinsa.

Dattijo ya matso har ina jin numfashinsa a kafaɗata. "Zai fita?"

"Zai fita, Baba, in ka ɗan ja baya. Kana tare min haske."

Na ji Mama ta ce "Innalillahi" daga bayan ƙofa. Dogo kuwa ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ban sani ba ko dariya ce ko tsoro. Dattijo dai ya ja baya.

A zagaye na goma sha ɗaya zaren ya saki. Na juya 'yar giyar da ke ɗaga kaset da yatsa har ya taso da kansa, na zaro shi. Wajen kamu biyu na zaren ya yamutse amma bai tsinke ba. Na shimfiɗa shi a kan farar takarda, na lallashe shi da bayan farce, na zura biro a ramin kaset na naɗe shi ya koma gida. Na ajiye shi a kan shiryayye, nesa da kowa.

Sai wankin danƙo. Auduga da sifirit, lungu-lungu, har sai da farar auduga ta daina fitowa baƙa. Rigata ruwan zuma ta sami rabonta a gaba, ɗigo uku, na san Mama ba za ta yafe min su da wuri ba. Na zaɓi bel daidai kima a cikin gwangwani na ɗaura, na goge 'yar tayar roba, na jona injin da batir ɗin gwaji da lasifikar shago. Ya yi ƙugi mai daɗi.

Kafin in ankara Dattijo ya miƙa hannu ya ɗauko kaset ɗinsa daga shiryayye, ya nufi bakin injin da shi. Nan ne na tare shi. Na sa tafin hannuna, mai tabon ƙuna da baƙin danƙo, a tsakanin hannunsa da injin.

"A'a, Baba."

Ya ɗago ya dube ni. Ina jin tun da aka haife shi ba a taɓa samun yarinyar da ta ce masa haka ba. "Ba kin gyara ba?"

"Na gyara. Amma a shagon nan ba a gwada inji da kaset ɗin mai shi. Dokar mahaifina ce, tun kafin a haife ni."

"Kwana goma ban ji ta ba, yarinya."

"Ka ƙara minti goma a kai. In injin na da sauran yunwa, gara ya ci namu."

Baba ya gyaɗa kai, ya laluba aljihun tebur ya fito da kaset ɗin gwaji, wani tsoho da ba mu ma san mai shi ba, wanda muke kira ɗan sadaukarwa. Na tura shi. Kiɗa ya tashi lafiya lau. Dattijo ya buɗe baki zai yi magana, sai kiɗan ya fara lanƙwasa, ya ja, ya yi gurnani, muka ji ƙaras-ƙaras. Na kashe da sauri. Injin ya tauna zaren ya tsinka shi gida biyu.

Dattijo ya dubi tsinkakken zaren, ya dubi kaset ɗin da ke hannunsa, ya mayar da shi ƙirjinsa ya riƙe. Ya koma benci ya zauna.

Ni kuwa abin ya ɗaure min kai. Na haska fitila, na shafa tayar robar, na ji santsi, alhali yanzu na goge ta. Na sansana yatsana. Na bi sawun har sama, na ga maiƙo kwance a ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe kaset, yana ɗigowa a hankali duk lokacin da injin ya motsa.

"Wa ya fesa wa injin nan mai?"

Na juya. Dogo yana kallon silin kamar yau ya fara ganinsa.

"Malam, da kai nake."

"Ɗan kaɗan ne fa," in ji shi. "Na ga Baba ya damu, na ce ko tsatsa ce ta riƙe shi. Irin wanda ake fesa wa ƙofa."

"Ƙofa!" Baba ya tafa hannu. "Garin gyaran gira za ka rasa ido, ɗana."

Dattijo ya ce, "Shekara nawa na biya maka makaranta?" Duk muka fashe da dariya, har Mama da ta gaji da ɓuya ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa.

Na kwance ɓangaren gaba ɗaya na wanke shi, na canza tayar robar da wata don ta riga ta sha mai. Kan da ke karanta zare kuwa, da na haska shi sai da na yi salati. Dattin shekara da shekaru ya daskare a kansa ja wur. Na goge shi har ya yi ƙyalli. Na liƙa ɗan sadaukarwa da salatif, na mayar, muka bar shi ya yi ta juyawa gaba da baya har minti goma. Ko gezau.

Na miƙa wa Dattijo hannu biyu. "Yanzu, Baba."

Ya ce, "Ban taɓa jin sa da kowa ba." Ya dubi ɗansa. Sannan ya sa min kaset ɗin a hannu.

Murya ta fito, ta mace, amma a dushe, kamar mai magana ta cikin bargo. Dattijo ya lumshe ido ya ce haka take dama, ta tsufa. Baba ya karkata kai ya ce, "A'a, ba ita ta tsufa ba. Kan ya goce. Uwata, ɗan sukurun gefe." Na sa siririn sukudireba. "Dama kaɗan. Ƙara. Ya yi yawa, dawo. Tsaya nan!"

Sai ga ta a cikin shagon, tar, kamar tana zaune a kan benci.

"...ka ji ko, maigida? Kada ka yi ta shan shayi ba abinci. Yaronka ya fara tafiya jiya, taku uku ya yi ya faɗi, ya tashi yana dariya. Ƙafafun nan nasa, ina jin sai ya fi ka tsayi, ka shirya..."

Dogo ya zame daga tsaye ya zauna a ƙasa, a kan simintin shago, da wandonsa mai guga. Ya rufe fuska da hannu biyu.

Ta yi maganar ruwan sama, da maƙwabta, da rigar da ya manta. Ta yi masa addu'ar hanya, ta ce sai ya dawo. Na kai hannu zan kashe, Dattijo ya ce, "Bar shi. Daga nan ƙugi ne kawai har ƙarshe, amma nakan bari ya ƙare."

Ba ƙugi ba ne. Yanzu da kan ya fita tas, kowa ya ji. Ta manta ba ta kashe rikodar ba. Aka ja kujera, sai wani sauti ya tashi, taka-taka-taka-taka, ya tsaya, almakashi ya yi ƙyas, ya ci gaba. Keken ɗinki ne. A kan sautin kuma tana rera wani abu ƙasa-ƙasa, ba kalmomi, tana yi tana wasa da yaro, tana dariya ita kaɗai.

Dattijo ya buɗe ido. Fuskarsa ta canza.

"Keke," in ji shi. "Na hana ta ɗinkin nan tun muna sabon aure. Ta ce min ta kai shi gidan yayarta." Ya saurara. "Ashe in na kama hanya take fito da shi." Ya sake saurarawa, hawaye na bin gemunsa bai share ba. "Shekara ashirin da biyar ina jin wannan, ina cewa ƙugin inji ne. Ku ji yadda take dariya. Ni ban taɓa jin ta tana irin wannan dariyar ba."

Muka zauna har zaren ya ƙare, injin ya yi ƙas ya tsaya.

Na mayar da rediyon cikin mota da hannuna, mutanen titi na kallona da rigar duwatsu a ƙarƙashin sitiyari, ko a jikina. Da na fito na tarar da Dattijo tsaye a bakin lunguna, yana duban teburin. Ya shafa gefensa inda gwiwar hannuna ta cinye fenti.

Ya ce, "Kawo hannunki." Na miƙa. Ya dubi tabon, ya dubi baƙin da ya koma ƙasan farcen. Mama ta fara, "Ai dama taya mahaifinta kawai take ɗan..." Ya ɗaga mata hannu cikin ladabi.

Ya juya wajen Dogo. "Ɗakin nan na bakin ƙofar gidanka, da ka ce na baƙi ne. Tagarsa na kawo haske?"

"Tana kawowa, Baba."

"To baƙi su zauna a falo." Ya saki hannuna. "Ɗaya ta ɓoye min, ta isa. Ba na son ta biyu."

Bayan sun tafi Mama ta dubi ɗigon da ke rigata ta buɗe baki, sai ta rufe, ta kwashe kofunan shayin da ba wanda ya sha. Kafin la'asar saƙon Dogo ya shigo: "Ni na ce ki ɓoye su, su kuma suka dawo min da muryar uwata. Da wane ido zan kalle ki?" Na karanta sau huɗu. Ban ba shi amsa ba tukuna. Ina son sa, amma mutumin da ya girgiza min kai a daidai lokacin nan, ya ɗan ɗanɗana jira ba zai kashe shi ba.

Yau Litinin da safe na fito na tarar babu labule. Baba ya hau kujera da laluben bango ya cire shi da kansa, har ƙusoshin. Ina cikin jera kayan aiki wani mutum ya shigo rungume da rediyo, ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya ajiye a gaban Baba.

"Mai gyara, duba min wannan. Ko sai gobe?"

Baba bai kara shi a kunne ba, bai girgiza kai ba. Ya tura shi gefena.

"Ga mai gyaran nan," in ji shi. "Tambaye ta."